Dariyar Lantana a Cikin Takaba

Wani kamfani ya ɗauki 'yata Lantana aikin koya wa yaran ƙasar Sin Turanci ta kwamfuta. A dokar kamfanin, kowane malami sai ya bari an ɗauki fuskarsa da muryarsa an ajiye. Tun farko abin bai kwanta mini ba.

Da mijinta ya rasu, ta rufe kwamfutar, ta shiga takaba a gidana.

Ranar da ta fita takaba ta kunna kwamfutar. Wata ɗalibarta ta bayyana tana ta surutu. Lantana ta juyo gare ni.

"Baba, wai jiya ma ni na koya mata. Wai har dariya na yi ta yi."

Da la'asar wakilin kamfanin, Tanimu, ya zo ya durƙusa.

"Baba, rufa mata asiri muka yi. Fuskarta da muryarta da muka ajiye muka sa wa na'ura tana koyarwa a madadinta, kada ɗalibanta su watse. Yanzu ta rame, yaran za su gane bambanci. Ta zo mu sake ɗauka, ta ɗan yi murmushi."

Na ce, "Iyayen yaran sun san 'yata ba ta dariya a takaba?"

Ya sosa ƙeya.

"Ba za ta zo ba. Ɗauki takalminka."