Fayil ɗin Ƙarfe Shida

Shida da kwata ta same shi a kan kujerarta, ya ƙura wa kwamfuta ido. Karo na uku ke nan.

"Baba Sammako, me ka ajiye a nan?"

"Dubawa kawai nake, 'yata."

"Ni ba 'yarka ba ce. Tashi."

Injiniya ce a ɗakin ajiyar jini na wani asibiti. Shekara biyu da suka wuce ta rubuta ɗan shirin kwamfuta da kan tashi da kansa kullum ƙarfe shida na safe, ya haɗa fayil ɗin saitin ƙararrawar firjin jini. Ta bar masa gurabe biyu, $LAMBA da $ZAFI, ya cike da lambar likitan da ke bakin aiki da iyakar zafin firji. Duk sanda ta gwada da hannunta, tsaf yake fitowa. Aikin da tsohon ya shekara ashirin yana yi, ta tattare shi a layi tara.

To, wa zai so wanda ya raba shi da aikinsa? Haka ta lissafa. Sau ɗaya ya taɓa cewa, "Abin nan naki, da safe fa..." Ta ce ya bari sai ya iya kunna firinta tukuna. Bai sake ba.

Ta bi diddigi, ta samu abin da take nema: kowace safiya ana taɓa fayil ɗin, kuma da sunansa ake shiga. Ta buga shaidar a takarda, ta dire wa shugaban asibitin.

"Jinin mutane ne a firjin nan, ranka ya daɗe. Ko shi, ko ni."

Aka tambayi tsohon ko ya taɓa. Ya ce ya taɓa. Ya ajiye makulli, ya ɗauki butarsa, ya fita.

Washegari ta yi sammako don ta ga aikinta ba hannun kowa. Shida ta buga, ta buɗe fayil. Gaban LAMBA wayam. Gaban ZAFI wayam. Ta gwada da hannu, ya cika. Sai ta gane: bayanan sai ta shiga kwamfutar da sunanta suke samuwa, shirin ba ya ganinsu in ya tashi da kansa.

Ta jawo ajiyar tsofaffin fayiloli: kowace rana na ƙarfe shida wayam, na bayansa a cike. Safiya ɗari bakwai da talatin, shirinta bai taɓa cike gurbi ko ɗaya ba, tsohon da ta sa aka kora ne yake cikewa.