Alif a Akwatin Kifi

Zauna tukuna, Malam Sabi'u, ka sha ruwa, maganar taka ba za ta gudu ba. Kai dai akwai ka da ci da zuci. Bari in ba ka labarin wani dattijo da na sani, ka auna da kanka.

Mutumin nan matarsa ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, ta yi wata bakwai a kwance, ba abin da take kallo sai silin. Ita kuwa 'yar masunta ce, a bakin kogi ta tashi, ko da lafiyarta ba ta da hira sai ta ruwa da kifi. Sai 'yarsu ta sayo mata akwatin gilashi irin wanda ake kiwon kifin ado a ciki, aka zuba tsakuwa, aka cika shi da ruwa, aka saki 'yan kifaye shida, ja da ruwan gwal, aka ajiye a gefen gadonta. Wallahi ranar sai da baiwar Allahn nan ta yi dariya, abin da aka daɗe ba a ji ba a gidan. Ta raɗa wa kowanne suna. Dattijo ya ji daɗi har ransa, ya riƙa barbaɗa musu abinci safe da rana da yamma, wai kada su rame. Kwana uku ke nan, ruwa ya yi fari kamar na wankin shinkafa, kifi sai dai ka ga giftawarsa. Ya garzaya wurin mai sayar da kifin, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Baba, haka sabon akwati yake yi. Akwai 'yan ƙananan halittu a ruwan da ido ba ya gani, su ne ba su daidaita ba tukuna. Ka rage abinci, ka ƙyale shi, sati ɗaya ko biyu zai washe da kansa." Dattijo ya ce to, amma a zuciyarsa cewa yake, yaron da aka haifa jiya ne zai koya masa sha'anin ruwa?

Ka san tausayi wani lokaci ya fi fushi hana mutum haƙuri. Duk shigar da zai yi ɗakin sai ya tarar ta ƙura wa akwatin ido tana laluben kifinta, abin ya riƙa cin ransa. Ya kwashe ruwan kaf, ya wanke tsakuwar tas, ya zuba sabo. Kwana biyu farin ya dawo, har ya fi na da. To, shi mutumin ƙauye ne, ya girma yana ganin uwarsa tana jefa alif a randa, farin dutsen nan mai sa laka ta kwanta, ruwan rafi ya fito garau a sha. Ya ce ashe ma maganin yana cikin kicin! Bayan azahar, matarsa tana barci, ya ɗauko gutsuren alif kamar ƙwan zabuwa ya jefa a akwatin, ya koma zaure yana jin ya yi dabara. Kafin la'asar ruwa ya yi garau, kai ka ce ba komai a cikin gilashin. Ya shigo da fara'arsa zai yi mata albishir, ya tarar ta riga ta farka. Kifaye shida suna saman ruwa, ciki a sama, kowanne ana ganinsa sarai har ƙayar bayansa. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya da bakin nan nata da ya karkace, sannan ta ce, "Malam, ai ko a cikin farin ina ganin wucewarsu." Ta mai da idonta kan silin. Dattijon nan ya tsaya riƙe da labule, ya san ba mugunta ya yi ba, kuma ya san shi ya yi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin gyaran gira aka rasa ido.