Bayan Ƙatuwar Talabijin

Warin darma nake fara ji idan na tuna da ranar. Babana mai gyaran talabijin ne a Unguwar Kanawa. Ina 'yar shekara tara, na gaji da buga gem a 'yar tamu mai inci sha huɗu, mutanen ciki kamar tururuwa. Wata rana aka kawo wata ƙatuwa gyara, Baba ya kwance bayanta ya fita alwalar la'asar. Na ga ba a jona ta ba, sai na zura hannu ciki ina laluben ramin wayar gem.

"Uwata, kada ki motsa."

Bai ɗaga murya ba. Ya zare hannuna a hankali, ya sa sukundireba daidai inda yatsuna suka nufa. Tas! Shuɗin tartsatsi ya tashi.

"Ko an cire ta, tana ajiye wutarta a ciki. Jira take."

Yau 'ya'yana suna gem a allo mai faɗin ƙofa, suna cewa, "Umma, irin wannan ba ta riƙe wuta." Na yi boko da girmana, na sani. Amma duk wanda ya leƙa bayanta sai ya sha mari.