Kaset na Ɗari Biyu

Da mai gyaran rediyo ya gama haɗa zaren kaset ɗin ya kunna, sai ya daina jin hayaniyar kasuwar Filinge. Jitarsa ce, shi mai gyaran, ke kuka, muryar ƙanensa marigayi tana biye da ita.

Kaset ɗinsu na farko ke nan, su huɗu, samarin Kurfai masu kiɗan da dattawa ke kira hauka. A ajin makaranta suka ɗauke shi, da batirin mota, zamanin mulkin soja. Saboda waƙa ɗaya a kan rumbunan da babu gero, aka zo aka kwashe duka ɗari biyun da suka buga. Shekara arba'in ke nan bai sake jin muryar ƙanensa ba.

Ya dubi tsohon da ya kawo gyaran.

"Malam, ina ka samu wanga?"

"Ni ne sojan da anka ba ashana," in ji tsohon. "Na ƙone ɗari da casa'in da tara." Ya sunkuyar da kai. "Juya shi, don Allah. Waƙar da ke baya, da ita na riƙa lallashin ɗiyata har ta girma."