Jan Zare a Kofin Baba

Wata uku ke nan da babbar 'yar Baba ta ɗaura jan zare a kofinsa, ta mayar da shi ɗakin baya, ta hana jikoki raɓarsa.

"Tarin nan naka ba na mura ba ne, Baba, tibi ne," in ji ta, tana danne nata tarin. "Nawa ɗan sanyi ne kawai."

Da aka je asibiti aka gwada kakin duk mutanen gidan, likita ya dubi 'yar ya ce, "Tsoho lafiyarsa lau, ƙura ce ke damunsa. Ke ce za ki fara shan magani."

Suna komawa gida Baba ya kwance zaren, ya miƙa mata.

"Ungo. Ɗakin ma na share miki."