Shuɗin Wuyan Mai Ƙaho Uku

Tun da masana kimiyya suka dawo da dainoso masu ƙaho, manyan dabbobin zamanin da, da ransu, doka ta ce kowane zanensu sai ya bi launinsu na gaskiya. Shi ya sa Malam Tanimu, tsohon mai zanen bangon makarantu, ya je shagon Jamilu sayen fenti ruwan toka.

"Baba, har mai ƙaho ukun bangon firamarenmu za ka sake wa launi?" in ji Jamilu. "Da ƙahonninsa na koyi ƙirga."

"Har shi. Lokacin da na zana shi, ƙasusuwa kawai muka sani, marigayiya matata ta zaɓar wa wuyansa shuɗin zaninta."

"Shuɗin ma an daina kawo mana, Baba."

Malam Tanimu ya zauna gaban bangon har la'asar, sannan ya fara shafewa daga wutsiya.