Gidan Da Ke Sauke Labule

Da aka tsayar da fim don hutun rabin lokaci, Lieke ta tarar da saurayinta Teun a ƙofar silima yana kwance sarƙar kekensa. Littafinta aka mayar fim, yau aka fara nuna shi a garinsu.

"Ba a gama ba fa," ta ce, kanta a ƙasa.

"Na san ƙarshen. A gidan da ke cikin fim ɗin na girma."

"Ai na canza sunaye, Teun."

"Sunaye! A layinmu kowa tagarsa a buɗe take, ko abinci yake ci ana ganinsa. Gidanmu kaɗai ke sauke labule, saboda shaye-shayen Baba. Ke kaɗai na faɗa wa dalili."

Ta tuna yadda 'yan kallo suka yi tsit da aka nuna gidan mai labule, suna satar kallon mahaifiyarsa da ke zaune a cikinsu. Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Maganar aurenmu fa?"

Ya daɗe yana kallon zoben da ke yatsarta.

"Mama tana ciki. Ta ƙi tashi, don kada a ce ta gane gidan. Je ki zauna kusa da ita har a gama. In kin iya, sai mu yi maganar."